Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta ceton karnukan haski

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar. Kamar yadda aka saba ni sakatare ne zan kawo muku abin da muka yi. Lissafin kuɗi da adadin karnukan da suka shigo da waɗanda suka fita yana hannun ma'aji, shi zai karanto muku daga rajista ranar taro, ni nawa bayanin aikin ne da abin da muka gani da idonmu.

Bari in fara da shigowa, don nan ne gizo yake saƙar. Yawancin karnukan haski, wato jinsin nan na ƙasashen sanyi da ake kira Siberian Husky, da muka karɓa bana ba a titi muka tsinto su ba, masu su ne suka kawo su da hannunsu, kuma kusan duk samari ne, daga wata takwas zuwa shekara biyu. Labarin ɗaya ne har mun haddace shi. Mutum ya ga hoto a waya, ya ga shuɗin ido da fuskar nan mai kama da ta kerkeci, ya sayi ɗan kwikwiyo yana ta ɗauka yana ɗorawa a Instagram, bayan 'yan watanni kare ya girma ya tone tsakar gida ya yage kujera ya haura katanga, da dare kuma ya ɗaga kai sama yana wannan dogon kukan nasu maƙwabta suna ƙorafi, sai a kira mu a ce wai karen ya lalace. Wallahi bai lalace ba. Mutanen Cukci na arewa maso gabashin Saberiya ne suka raini wannan jinsin don ya ja kaya mara nauyi a kan ƙanƙara tafiya mai nisa ba gajiya. A 1925 da cutar mashaƙo ta ɓarke a garin Nome na Alaska, irin waɗannan karnukan ne suka yi ta miƙa wa juna maganin, tafiyar sama da kilomita 1,000 cikin kwana biyar da rabi, su Togo da Balto kenan da ake ta ba da labarinsu. To jikan waɗannan ne za ka kulle a ɗaki tun safe har magariba ka ce ya kwanta shiru? Kuma matsalar ta daɗe, tun a 2017 Peter Dinklage na shirin Game of Thrones ya fito ya roƙi masu kallo su daina sayen haski don kawai ya yi kama da kerkecin cikin shirin, saboda yadda ake ta zubar da su a gidajen ajiye dabbobi. Mu dai har yau muna kwashe abin da wannan sha'awar ta bari.

Akwai wata karya da ba zan manta da ita ba, waɗanda suke bakin aiki ranar sun san wadda nake nufi. An kawo ta an aske ta tas har fata, bayanta ya yi ja ya ɗaɗɗaye, wuyanta da shatin sarƙa. Mai ita ba mugu ba ne, cewa ya yi ya ga tana haki ne ya tausaya mata ya sa aka aske ta don ta sha iska. Bai san gashin haski hawa biyu ba ne, na ciki mai laushi da na waje mai kauri, kuma wannan na wajen shi ke tare mata rana, in ka aske shi ka tuɓe mata rigar kariya kenan, wani lokacin ma gashin ba ya dawowa yadda yake. Kwana uku ta yi a lungun keji ba ta kallon kowa, in an ajiye abinci sai an fita take ci. Ɗaya daga cikin iyayenmu mata a ƙungiyar nan ita ta riƙa zuwa kullum ta zauna a ƙasa nesa da ita ba ta ce mata komai, a rana ta huɗu karyar ta taso da kanta ta ɗora haɓa a gwiwarta. Yanzu gashi ya fito, bai kai na da ba amma alhamdulillahi, tana gidan riƙo, wato gidan ɗan sa-kai da ke riƙe mana kare na ɗan lokaci.

Ɓangaren lafiya mun tsaya kan ƙa'idarmu, duk karen da ya shigo sai likitan dabbobi ya duba shi, a yi masa allurar ciwon hauka da ta fabo, cutar nan mai sa kare amai da gudawa, da sauran rigakafin, a ba shi maganin tsutsa da na kaska, a sa masa ɗan cif ɗin nan a ƙarƙashin fatar wuya mai ɗauke da lamba, sannan a yi masa aikin hana haihuwa kafin ya bar hannunmu. Abin da muka ƙara bana shi ne duba ido, don jinsin nan suna gadon yanar ido tun suna ƙanana da wani ciwon da ke cinye gani a hankali. Mun kuma samu masu ɓawon fata a gefen ido da baki wanda da muka ɗauka ƙazuwa ce, ashe jikinsu ne ba ya riƙe sinadarin zink yadda ya kamata, da likita ya ɗora su a kan magani suka warware. Mun rasa tsohon karen nan mai farin baki, shekaru ne kawai, dama su daga 12 zuwa 14 suke yi. A gidan riƙo ya mutu, a kan bargonsa.

Sai maganar bayarwa, wadda na san ita ce ta jawo mana surutu har a cikinmu. Eh gaskiya ne mun tsaurara, kuma mun hana mutane da dama. Yanzu cike fom kaɗai ba ya isa, sai mun zo mun ga gidan. Muna duba katanga, in ba ta kai wajen ƙafa shida ba ko kuma ƙasanta ana iya tonawa to sai an gyara, saboda haski in bai haura ba zai bi ta ƙasa. Muna tambaya wa zai fita da shi safe da yamma, awa nawa zai zauna shi kaɗai, akwai kyanwa ko kaji ko zomo a gidan, don shi duk ƙaramin abu mai gudu farauta ce a wurinsa, akwai inuwa da wuri mai sanyi da zai kwanta lokacin zafi. Wanda ya ce mana gadi yake so, nan take muke ce masa ya yi haƙuri, haski ba ya gadi, ɓarawo ma kaɗa masa jela zai yi. Kuma muna faɗa wa kowa kar a sake shi ba igiya a fili, in ya sa gudu kiranka ba zai dawo da shi ba.

Wasu daga cikinku sun ce muna korar mutanen kirki alhali keji ya cika, na ji kuma ban raina maganar ba. Amma ku tuna abin da ya faru a farkon shekara. Wuri ya yi mana kaɗan, muka ba wasu iyali wani kare cikin gaggawa ba mu je gidan ba, ni da kaina na sa hannu a takardar, sati uku aka dawo mana da shi ya rame yana tsoron hannu. Laifinmu ne, nawa musamman. Karen da aka dawo da shi sau biyu gyaransa ya fi na sabon shigowa wuya nesa ba kusa ba. Daga nan ne kwamiti ya kawo tsarin gwajin sati biyu, mutum ya tafi da kare ya zauna da shi, muna kira muna leƙawa, in abin bai yi ba ya dawo da shi ba kunya ba faɗa. Kuma a yarjejeniya mun rubuta ƙarara, duk ranar da ka kasa, mu za ka dawo wa da shi, ba sayarwa ba kyauta. Tunda muka fara haka dawowar ta ragu sosai, za ku gani a rajista.

Wani abin daɗi, bana mutane sun fara karɓar manya. Da kowa kwikwiyo yake tambaya, yanzu muna zaunar da mutum mu nuna masa cewa ɗan shekara shida ya riga ya nutsu, halinsa a fili yake, ba sai ka yi caca ba. Wani dattijo ya zo neman ƙarami ya koma da babba, kwanan baya ya turo mana hoto su biyu suna tafiyar asuba.

'Yan sa-kai kuwa ban san da wane baki zan gode muku ba. Masu zuwa tun kafin rana ta fito su zagaya da karnuka, masu wanke keji, masu tuƙi zuwa asibiti da man motarsu, da waɗanda suka sha taje lokacin zubar gashi, sau biyu a shekara kenan, kun ga buhunan da muka cika. Ba mai albashi a cikinmu ko ɗaya. Amma gaskiya mutane kaɗan ne suke ɗauke da yawancin aikin kuma sun gaji, a gajiyar nan ne aka bar ƙofa a buɗe wata rana karnuka biyu suka fice, muka kwana nema, Allah ya taimaka wani ya kai su wurin likita aka karanta cif aka kira mu. Yanzu mun yi ƙofa biyu, sai ka rufe ta farko za ka buɗe ta biyu.

Shekara mai zuwa babbar buƙatarmu gidajen riƙo ne, fiye da kuɗi ma. Kare a gida yana nuna ainihin halinsa, a keji ba ya nunawa, kuma abinci da magani duk ƙungiya ce ke ɗauka, kai wuri da lokaci kawai za ka bayar. Muna kuma so mu gyara rufin ɓangaren baya kafin zafi ya shigo, mu samu mutum biyu da za su karɓi zagayen yamma. Don Allah duk mai iya riƙo ko na wata ɗaya ne ya ba da sunansa ranar taro, a zo da wuri saboda akwai zaɓen sabon kwamiti bayan rahoton ma'aji.

Na gode.
Sakatare