Koke zuwa ga Mai Girma Hakimi kan sabuwar ƙwayar da ke kayar mana da yara

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu iyayen yara ne talakawanka, a gafarce mu in harshenmu ya yi kaushi, tura ce ta kai bango.

Daren Alhamis ɗin nan samari uku suka zube bayan sun zuƙi wani abu da ake naɗewa kamar wiwi, ɗayan leɓensa har ya yi baƙi, numfashi da ƙyar, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura. Aka kai asibiti aka yi gwajin fitsari wai ba a ga komai ba. Ba a ga komai ba fa ranka ya daɗe, ga yaro kwance kamar gawa! Sai daga baya likitan ke ce mana ɗan tsinken gwajin nan tsoffin ƙwayoyi kawai ya sani, su kuma masu haɗa sabbin ɗan abu kaɗan suke canzawa a sinadarin sai ya tsallake gwaji, wani lokacin ma babu sunansa a jerin da doka ta haramta. Sai an kai babban ɗakin gwaje-gwaje mai na'urar GC-MS wadda ke rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya, can ɗin ma sai suna da samfurin asali da za su kwatanta.

Mun sha tsinto ragowar abin nan a leda muna miƙa wa hukuma, an yi zama, an yi alƙawari, ko takarda ɗaya ba ta dawo ba, mai sayarwar kuma yana nan yana yawonsa har gaishe mu yake.

Tsoronmu kada ya zama irin na Saliyo, inda wata ƙwaya da ake zuƙa mai suna kush ta sa shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci a 2024, da aka gwada aka samu nitazin a ciki, sinadarin da aka ƙirƙiro tun shekarun 1950 wanda wasu nau'insa sun fi fentanil, wani ƙaƙƙarfan maganin kashe raɗaɗi, ƙarfi.

Muna roƙon ka sa baki a tura ragowar ta Alhamis inda za a gwada ta da gaske, a ba likitoci sakamakon su san me suke magani, mu ma a faɗa mana sunan abin. A ajiye allurar nalokson a asibiti, wato wadda ke karya ƙarfin irin su nitazin ta dawo wa mutum da numfashi. Waɗancan ledojin na baya kuma don Allah a tambaya mana ina suka maƙale, sakamakon dai muke so ranka ya daɗe, a rubuce.

Mu ne masu biyayya,
Iyayen yara da dattawan unguwa