Zuwa gare ka, game da takwarana

Salamu alaikum. Da fatan ka sauka Yamai lafiya, ya gajiyar hanya. Ran da muka raka ka tasha na so in ja ka gefe amma ga mutane ga uwarka tana ta sharar hawaye, sai na haɗiye. Jiya kuma na ga abin da ya hana ni barci.

Bayan la'asar ina kan tabarma, takwarana suna wasan gida shi da ɗiyar ƙanwarka, ita tana tuƙa tuwon ƙasa a gwangwanin tumatir, shi ko ya zura ƙafa cikin tsohon takalminka da ka bari, ya kara guntun kwali a kunne yana alo alo gani nan zuwa, har ɗage kafaɗar nan taka bai bari ba, muka yi ta dariya. Sai ta miƙo mashi tuwon. Wallahi shure shi ya yi da ƙafa, ya ɗaga hannu kamar mai shirin mari ya ce ke wace irin jaka ce, ɓace min da gani. Matarka na bakin rijiya tana wanki, ta sunkuyar da kai ba ta ce uffan ba. Shirun nan nata shi ya gaya min komi.

Yaro ɗan shekara 4, ko lakol bai shiga ba, a ina ya ji? Kar ka ce min telebijin. Shekara 30 na yi riƙe da alli, na san yaro ba ya jin wa'azi, kallo yake. Tun 1961 wani malami a Amurka, Bandura, ya gwada, aka bar yara suka kalli babba yana jibgar ɗan tsana, da aka bar su da shi suka jibge shi yadda suka gani, har kalmomin bakinsa suka maimaita. Ɗanka bai da wani wurin koyon yadda namiji ke zama sai wurinka, kuma ya lura in ka daka tsawa gida na yin tsit, to a idonsa abu ne mai aiki, don mi ba zai ɗauka ba? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na san abin da za ka ce, Baba ai kai ma ka yi. E na yi tsawa, na zane ku da bulala kan karatu kuma ban yi nadama ba, da ban yi ba da yanzu kana tashar kabu-kabu. Amma ka tambayi uwarka ko na taɓa ɗaga mata hannu gabanku. Ɗiyar mutane ce aka ba ka amana, ba baiwa ka saya ba, kuma ranar da yaron nan zai girma ya mari uwarsa kai ka mare ta.

Ko da yake cikin dare na tuna ɗage kafaɗar nan tawa ce, wurina ka samo ta, ban san mi kuma ka kwasa ba. Allah ya yafe mana.

Yaron kirki ne fa. Da magariba yana tsayawa gefena ya ɗaga hannu ya yi kabbara, ba wanda ya sa shi. Ka kira matarka daren nan, ka sa ta buɗe murya ya ji kana gaishe ta da aiki. Uwarka ta ba direba ƙuli-ƙuli da yaji, ka je tasha ran Laraba ka amsa.

Babanka.