Allon tunawa da mamatanmu a Legas: a duba fili da dutse kafin a tara kuɗi

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in ja hankalin shugabanninmu na Agege, Mile 12 da Idi-Araba. Duk lokacin da 28 ga Nuwamba ta zagayo, ranar da aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na Kano a 2014, maganar kafa abin tunawa da waɗanda suka rasu tana tasowa a majalisu. Niyya ce mai kyau. Tun da ba ma gina mutum-mutumi, a ganina rijiyar burtsatse da allon sunaye a jikin ginin tankinta ita ta fi dacewa, ga ladan sadaka mai gudana.

Fili shi ne farko. A Owo ta jihar Ondo an gina dandalin tunawa da waɗanda aka kashe a cocin Katolika ranar 5 ga Yuni 2022, amma a 2025 aka rushe shi, saboda an kafa shi daura da fadar Olowo, sarkin Owo, masarautar kuma ta ce al'adarsu ba ta yarda da hakan ba. To balle mu da muke baƙunta. A samu wuri cikin harabar masallaci mai takarda, a rubuta yarjejeniya, sarkin Hausawa da baale, wato mai unguwar Yarbawa, su sa hannu.

Sai allon kansa, inda aka fi yin asara. Farantin ƙarfe ba ya jure danshin Legas da iskar teku mai gishiri, damina biyu ya isa ya yi tsatsa. Tagulla kuwa 'yan jari-bola za su ɓalle ta da dare. Marmara fari yana da kyau ranar buɗewa, daga baya sai ya yi dabbare-dabbare. A nemi baƙin dutsen giranit mai kaurin santimita 3, a sassaƙa haruffa su nutse aƙalla milimita 2, kada a yarda da fenti kawai. A ɗaure shi da kusoshin da ba sa tsatsa, domin kusa ta gama-gari in ta kumbura ita ke tsaga dutsen. Gindin ginin ya tashi santimita 60 daga ƙasa saboda ambaliya.

Sunaye fa? Yawancin masu sassaƙa a nan ba su san ƙ, ɗ da ɓ ba, sai ka ga Ɗanladi ya koma Danladi, kuma abin da aka sassaƙa ba ya gogewa. A buga jerin a takarda daidai girman allon, kowane gida ya duba nasa ya sa hannu, a kuma bar layuka goma a ƙasa babu rubutu, don dole wasu iyalan sai daga baya za su ji labari.

Ruwan a gwada shi kafin a sayi famfo, wasu unguwannin ruwansu ja ne saboda ƙarfe, sai an sa abin tace ruwa. Sannan a ware kashi ɗaya cikin goma na abin da aka tara don gyara, a damƙa wa mutum uku, ba mutum ɗaya ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Naka,
Wani magini, Agege, Legas