Gwanintar masu rawar biyu-biyu tana bayyana ne bayan kuskure

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili domin in yi bayani a kan gasar rawar biyu-biyu ta Turai, wadda namiji da mace ke yi riƙe da juna a babban zaure. Na san ba al'adarmu ba ce, kuma ba kira nake yi a ɗauke ta ba. Abin da ya dame ni shi ne gajerun bidiyoyin da ke yawo a wayoyin jama'a, inda ake yanko daidai lokacin da wani ya yi tuntuɓe ko aka yi karo, a yi dariya a wuce, alhali daƙiƙu biyu ko ukun da ke biyo baya, waɗanda ake datsewa, a nan ne aikin shekaru yake fitowa.

Wannan wasa ne mai dokoki da alƙalai. Tun 1920 ake gudanar da gasar birnin Blackpool a Ingila, kuma a 1997 Kwamitin Olamfik na Duniya ya amince da hukumar wasan ta duniya. Kowace rawa takan ɗauki minti ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma a zagayen farko akan zuba 'yan rawa da yawa a fili ɗaya. A raye-raye irin su wals, tango da kwikstep, kowa yana zagaya filin saɓanin tafiyar agogo, kowane biyu da jerin takun da suka haddace, amma babu wanda ya san inda saura za su kasance nan da daƙiƙa biyar. Saboda haka dole ne a tare wa wani hanya, dole ne kuma wani ya manta abin da ke gaba.

Abin da ake fara cusa musu shi ne cewa a rasa taku ya fi sauƙi a kan a rasa kiɗa. Alƙali bai san jerin da suka haddace ba, don haka idan suka tsallake wani sashe ba shi da hanyar ganewa, amma da zarar ƙafa ta saɓa wa bugun kiɗa kowa zai gani. Shi ya sa idan abu ya rikice sukan koma takun farko da ake koya wa sabon shiga, su yi ta maimaita shi a kan bugu har gaɓar kiɗa ta gaba ta zagayo, sannan su kama jerinsu daga wurin da ya dace.

Duk wannan ana yin sa ba tare da magana ba, domin saƙo ta riƙon yake bi. Hannun daman namijin yana kan allon kafaɗar abokiyar rawarsa, nata na hagu yana kan damtsensa, sauran hannayen biyu kuma a haɗe, kuma ta nan kowannensu ke jin ƙafar da nauyin ɗan'uwansa yake kai. Idan suka sami kansu a kan ƙafafun da ba su dace ba, mai jagora, wato namijin, yakan dakata bugu ɗaya ko biyu, ya jawo ƙafa a hankali ba tare da ya ɗora mata nauyi ba, har su daidaita, mai kallo kuwa ya ɗauka ado ne. Aikin macen a lokacin ya fi wuya a ganina, domin ta san jerin sarai, ta kuma san an kauce masa, amma dole ta danne abin da ta haddace ta bi abin da jikinta ke ji. Idan ta yi gaban kanta don ta gyara, sai kuskure ɗaya ya zama biyu. Idan kuma namijin ne ke tafiya da baya, ita ce idonsa: tana hango wasu a bayansa sai ta ɗan matsa damtsensa ya rage taku. Masu koyarwa da yawa sukan ce duk kuskure na mai jagora ne. Na fahimci manufarsu, suna so ne ya daina ɗora laifi a kan abokiyarsa, amma maganar tana tauye rabon mace a gyaran.

Ba kowace rawa ce ke ba da sararin gyara iri ɗaya ba. Wals na yau da kullum yana tafiya a kan bugu kusan 90 a minti, na Vienna kuwa kusan 180, ga juyi ba ƙaƙƙautawa, don haka wanda ya tsaya cak na bayansa za su auka masa. Faso doble, mai kwaikwayon wasan bijimi na Sifaniya, tana da tata wahalar: kiɗanta yana da wurare sanannu da ake tsayawa a nuna bajinta, kuma wanda ya makara dole ya zubar da wasu taku domin ya iso wurin tare da kiɗan.

Sai kuma fuska. Alƙalin da ke duba mutane da yawa daƙiƙu kaɗan yake bai wa kowane biyu, ƙila ma bai ga zamewar ba, amma zai ga ɗaure fuska da sunkuyar da kai idan suka daɗe. Ko faɗuwa aka yi, wanda ke tsaye yakan ɗago ɗan'uwansa, ya tabbata bai ji ciwo ba, su sake riƙo su ci gaba, a bar binciken abin da ya faru sai an fita daga fili. Wannan ma horo ne, domin a wurin atisaye akan sa su fara jerin daga tsakiya, ko a sa wasu su tare musu hanya da gangan.

Roƙona shi ne, duk lokacin da jaridarku za ta kawo labarin irin wannan gasa ko ta saka bidiyonta, a bar hoton ya kai inda aka gyara kuskuren, a kuma yi wa masu karatu bayanin yadda aka gyara shi.

Naka,
Mai karanta jaridarku daga Kaduna