Takardar Koke Kan Hayaƙi Da Ƙarar Janaretocin Masana'antu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Allah ya ja zamaninka. Bayan gaisuwa da ban girma, mu mazauna unguwannin da ke maƙwabtaka da masana'antu mun kawo kukanmu gare ka kan manyan janaretocin dizal da ke ruri dare da rana a bayan katangunmu.

Ba cewa muke a kashe su ba. Da wutarsu ake aiki, kuma 'ya'yanmu da dama a can suke samun na kansu. Yadda ake tafiyar da su ne ya dame mu.

Ranka ya daɗe, ko lafiyayyen inji, kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari na ƙarfin man da ya sha kawai yake mayarwa wutar lantarki, sauran a zafi yake tafiya. Kowace lita ta dizal kuma tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon mai ɗumama duniya. To, ina ga injin da aka yi wa sakaci? Kanikawa sun san cewa in aka bar babban janareto yana jan lodin da bai kai kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ba, ba ya ɗaukar zafin da zai ƙone mai sarai. Sai ka ga baƙin maiƙo yana ɗiga a bakin salansa, hayaƙi ya turnuƙe. Wannan hayaƙin kuwa, man da aka saya da kuɗi ne bai ƙone ba. Mai masana'anta ya yi asara, mu kuma mu shaƙa.

A shekarar 2012 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. Mu dai abin da idonmu ke gani, farin kaya a kan igiyar shanya yakan yi dishi-dishi tun bai bushe ba, masu asma kuwa tari yake hana su barci. Ga ƙara, ga baƙin man da ake zubarwa a kwata, alhali rijiyoyinmu suna kusa.

Don haka muna roƙon ka kira masu masana'antun tare da jami'an kula da muhalli a zauna. A sa su daidaita girman inji da lodin da yake ja, su riƙa yin sabis a kan lokaci, a canza nozul (mai fesa dizal a cikin inji) da matatar iska in sun gaji. A ɗaga bututun hayaƙi sama da rufin gidaje, a gina wa injunan ɗaki mai tare ƙara, baƙin mai kuma a tara shi a duro a miƙa wa masu sake sarrafa shi. Muna kuma fatan a ba wakilanmu dama su shiga tare da jami'ai ranar da za a je dubawa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nasara.

Masu biyayya gare ka,
Al'ummar unguwannin da ke kewaye da masana'antu