Rahoton Ayyukan Shekara: Tattara Buƙatu da Tsara Manhajojinmu na Sa-kai

Zuwa ga ɗaukacin membobi masu girma,

Kwamitin gudanarwa yana gabatar muku da rahoton ayyukan shekarar da ta gabata, wadda muka ƙarar da mafi yawanta a kan batu guda, wato yadda za mu gano abin da masu amfani da buɗaɗɗun manhajojinmu (waɗanda kowa zai iya duba rubutunsu ya kuma gyara) suke buƙata tun kafin a fara rubuta manhajar.

Kamfani yakan biya ma'aikaci albashi domin ya zauna da mai saye ya rubuta buƙatunsa dalla-dalla, amma aikin sa-kai ba shi da wannan gatan. Buƙatu suna iso mana a warwatse ne, wasu cikin rahotannin matsala a GitHub (shafin intanet da ake ajiye rubutun manhaja), wasu cikin imel, wasu kuma cikin gyaran da mutum ya riga ya gama rubutawa ya turo ba tare da ya shawarci kowa ba. Binciken da masani Walt Scacchi ya wallafa a 2002 ya nuna haka abin yake a irin waɗannan ayyuka da ya duba.

Saboda haka muka kafa ƙa'idar takardar shawara, muna koyi da tsarin takardun shawara na PEP da masu harshen rubuta manhaja na Python suke bi tun 2000, da na RFC da masu harshen Rust suka ɗauka a 2014. Duk wanda yake son babban canji sai ya fara rubuta matsalar, da waɗanda ta shafa, da hanyoyin da ya duba ya ajiye tare da dalilinsa. Wasu membobi sun koka cewa wannan jan ƙafa ne ga mutumin da daren Asabar kawai yake da shi na aiki, kuma kokensu yana da tushe. Ra'ayin kwamiti dai shi ne, ƙin shawarar shafi biyu ya fi sauƙi ga kowa a kan mayar wa mutum aikin da ya kwashe makonni yana yi. Mun kuma yi la'akari da cewa zazzafar muhawara a kan takardar shawara ta PEP 572 ce ta kai Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro Python, ga sauka daga jagorancin Python a 2018, har aka zaɓi majalisar mutum biyar a 2019. Shi ya sa muka ba kowace muhawara wa'adi, muka kuma fayyace wanda zai yanke hukunci.

An gyara fom ɗin rahoton matsala. Maimakon "ba ta aiki" kurum, yanzu ana tambayar mutum abin da ya so yi da abin da ya gani.

Inda muke baya shi ne tsara fuskar manhaja, domin masu turo rahoto galibi marubuta manhaja ne irinmu, talakan mai amfani kuwa idan ya rikice sai ya goge ta ya yi gaba. Mun zana fuskoki a takarda mun nuna wa waɗanda ba su san harkar ba, sai ga su suna laluben maɓallin "Ajiye" da yatsa alhali yana ɓoye cikin jerin zaɓi.

A shekara mai zuwa za a rubuta ƙa'idojin tsara fuska, irin waɗanda GNOME, wata ƙungiyar buɗaɗɗun manhajoji, ta fara fitarwa a 2002, a kuma gwada manhajojinmu tare da makafi masu amfani da makarancin allo, wato manhajar da ke karanta musu abin da ke kan allo da murya. Membobin da suka iya zane su ba da sunayensu ga sakatare a babban taro.

Kwamitin Gudanarwa