Rahoton Ayyukan Shekara: Fitar da Irin Furanni Masu Albasa a Gidajenmu

Assalamu alaikum iyayenmu da ƴan uwa mambobin ƙungiya, maza da mata.

Babban taron bara ya ɗora wa kwamiti aiki guda: mambobi su daina sayen albasar fure duk shekara, su iya fitar da iri daga wadda ke cikin tukwanensu. A kan wannan aka yi zaman koyarwa na hunturu da na farkon damina, aka kuma zagaya gidajen mambobi a unguwannin Maraɗi: Zariya, Ali Ɗan Sofo, Bagalam da Sabon Gari.

Da farko sai da aka rarrabe iri, domin abin da masu saida fure ke kira lili ba abu ɗaya ba ne. Akwai lili ta asali, wadda masana ke kira Lilium, ɗiyar ƙasashen sanyi. Akwai amarilis mai manyan furanni ja, asalinta Kudancin Amurka. Akwai namu na gida, gadali da albasar kwaɗi, dangin Crinum. Sai ƴar ƙaramar nan Zephyranthes, mai buɗewa kwanaki kaɗan bayan saukar ruwa. Ukun ƙarshe suna jure zafin Maraɗi. Ta farkon ba ta jurewa.

Raba ɗiya

Ɗiya ita ce ƙaramar albasar da ke fitowa a gefen uwar. Raba ta ita ce hanya mafi sauƙi, kuma da ita yawancin mambobi suka samu iri. Ana shayar da tukunya kwana guda kafin aikin, a zazzage ta gaba ɗaya, a karkaɗe ƙasa. Ɗiyar da za a cire sai ta kai kamar kashi ɗaya cikin uku na girman uwar, kuma ta fitar da saiwarta. A murɗe ta a hankali da hannu. In ta ƙi, a sa wuƙar da aka ƙona a wuta ta huce. A barbaɗa toka ko garin farar wuta a kan raunin, a bar ta a inuwa kwana ɗaya zuwa biyu kafin a dasa. Ɗiyar amarilis takan yi shekara 2 zuwa 3 kafin ta yi fure, saboda haka kada a tumɓuke ta don an ga ganye kawai. Gadali kuwa ba ya son a riƙa taɓa shi. Wanda aka raba yakan tsallake shekara bai yi fure ba, kuma farkon damina, cikin Yuni, shi ne lokacin raba shi.

Zurfin dashe ya sha bamban, kuma nan ne muka ga ɓarna mafi yawa a zagayen da aka yi. Amarilis ana barin kashi ɗaya cikin uku na samanta a waje. Gadali wuyansa ya leƙo sama da ƙasa. Zephyranthes santimita 3 zuwa 5, tazara santimita 8 zuwa 10. Duk wanda ya binne wuyan amarilis, ruwa zai kwanta tsakanin ɓawonta, ta ruɓe daga sama.

Yanka albasa

Wannan ne sabon abu a bana, kuma shi ya fi cin lokacin koyarwa. Ran albasa yana gindinta, wato ɗan faifan nan mai tauri inda saiwa ke fitowa. Yankin da ba shi da gindi ba zai taɓa haihuwa ba, ko an yi masa me.

Ana zaɓen babbar amarilis mai tauri, wadda ba ta da tabo. A ɓare busasshen ɓawo, a datse saiwa ba tare da an ci gindin ba, a yanke wuya. Sai a tsaga ta daga sama zuwa ƙasa: gida biyu, huɗu, takwas. Babba ƙwarai tana kai 16, amma shawarar kwamiti ga mai farawa ya tsaya a 8, don ƙaramin yanki ba shi da abincin da zai riƙe shi. A shafe kowane yanki da farar wuta ko maganin funfuna, a shanya a inuwa yini guda. Rairayin da za a yi aiki da shi a wanke shi, a zuba masa tafasasshen ruwa, a bari ya huce ya tsane. In an dunƙula a hannu kada ruwa ya ɗiga. A sa yankan da rairayin cikin leda, a bar iska a ciki, a ɗaure, a aje a ɗaki mai duhu. Duk mako a buɗe, a fitar da wanda ya yi laushi ko wari. Cikin mako 8 zuwa 12 ƙananan ɗiya farare za su fito tsakanin ɓawon, dab da gindi. Sai a dasa su tare da tsohon yankin, domin daga jikinsa suke ci.

Aikin yana son zafi tsakanin digiri 20 da 25, kuma ɗakunanmu ba sa ba da haka sai daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu. Waɗanda suka jinkirta har bazara, lokacin da zafi ke haura 40, sun tarar da yankan ya dahu cikin leda.

Game da lili ta asali, albasarta ba ta da busasshen ɓawo, ɓare-ɓare ce kamar tafarnuwa, shi ya sa take saurin bushewa. Ana ɓalle ɓarorin waje daga gindi a sa a leda, su ba da ɗiya cikin mako 6 zuwa 8, amma sai ɗiyan sun yi aƙalla mako 6 a firigo, wajen digiri 4 zuwa 5, kafin su tsiro. Da yadda wuta ke ɗaukewa, kwamiti bai ga dalilin sa kuɗin ƙungiya a nan ba.

Ƙasa, ruwa da ƙwari

Haɗin da ya fi yi mana kyau: ƙasar jigawa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, rairayi mai tsakuwa kashi ɗaya. Lakar fadamar Gulbi ita kaɗai tana riƙe ruwa fiye da kima, ɗanyen taki kuma yana kiran gara. Tukunyar ƙasa mai huda, da tsingaro a kan hudar, ta fi roba da gwangwani, waɗanda rana ke gasawa. A shayar sai yatsa ya ji saman ƙasa ya bushe kamar santimita 3. Cikin Agusta a ɗora tukwane kan bulo, a kau da su daga bakin indararo.

A damina an ga baƙar tsutsa mai ɗige-ɗige farare, wadda ke shiga cikin ganye ta gangara har albasa. A duba bayan ganye da safe, a murtsuke ƙwai, a yanke ganyen da ta shiga a ƙona. Jan tabo a ganyen amarilis funfuna ce. Kada a yi iri da irin wannan albasar.

Muna roƙon iyayenmu mata musamman: albasoshin amarilis, gadali, albasar kwaɗi da Zephyranthes guba ne. Kada a shanya su kusa da albasar miya, a nisanta su da yara da awaki. Lili ta asali kuma tana kashe kyanwa.

Kuɗi da shekara mai zuwa

Kuɗin wata-wata ya tafi ne kan tukwane, leda da farar wuta. Ma'aji zai karanta lissafin dalla-dalla a babban taro. Zaman yanka na gaba zai kasance a ƙarshen Nuwamba in sha Allahu. Kowa ya zo da wuƙarsa da albasa guda mai lafiya, wanda kuma ya samu ɗiya bana ya ware biyu don sabbin mambobi.

Kwamitin gudanarwa